Kwano da Cokali a Bakin Kanal

Da na sayar da rabona na gonar bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, na sayi kyamara, mutanen unguwarmu cewa suka yi an yi mini asiri. Yayana kuwa ya ja baya da ni, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Gonar babanmu ce aka raba mana biyu, kunya ɗaya ce tsakaninmu. Yanzu wani mutumin Bunkure ne maƙwabcinsa.

Na yi shekaru ina ɗaukar biki da suna da wata 'yar kyamara wadda ko wayar amarya ta fi ta fitar da hoto. Sabuwar kuwa irin ta 'yan fim ce, ga nauyi, ga gilasai da ake cirewa a sauya. Ba zan yi ƙarya ba, ta biya ni. Masu casar shinkafa na Kura da ke son talla, masu sayar da taki, 'yan fim daga Kano da ke hayarta har da ni, kowa ita yake nema. A waya ma sai an tambayi irin kyamarar kafin a tambayi sunana. Na gyara ɗakina, na sayi babur.

Abin da mai sayarwa bai gaya mini ba shi ne mai irin wannan kaya ba ya zaman majalisa. In ba na kan hanya, ina ɗaki a rufe ina tace fuskokin mutanen da ban sani ba. Da yayana kuwa sai gaisuwar masallaci. Ina kewarsa, amma girman kai ya hana ni zuwa gona hannu rabbana.

Sai wani kamfanin shinkafa ya ce yana son hoton dashe. Nan take na ce na san gonar da ta dace, ta yayana. Hasken wurin ba wani na a zo a gani ba ne, ni dai dalili nake nema.

A wajenmu, ranar dashe, abinci a babban baho yake zuwa daga gida. Kowa ya wanke hannu a kanal ya tsuguna ya sa hannu. Ɗan gida ba a yi masa tayi. Baƙo ne ake zuba wa nasa daban. Tun a hanya bahon nan nake tunani.

Na sami yayana a cikin laka har gwiwa, tare da 'yan dashe.

"Yaya, sannu da aiki."

"Sannu da zuwa, Malam. Ina kake so mu tsaya?"

Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini Malam ba.

"Ku ci gaba da aikinku kawai, kamar ba na nan."

"To," in ji shi. Kuma haka suka yi.

Kyamarar ba ta ɓoye komai. Ta cikinta na ga furfurar da ta cika gemunsa, wadda ban san lokacin da ta fito ba. Na ga yadda yake dafa ƙugu kafin ya miƙe, sak babanmu. Na daɗe a kansa fiye da yadda aikin ke buƙata.

Da azahar ta kawo kai, bahon ya iso, shinkafa da wake da mai da yaji. Ita kyamarar ba a ajiye ta haka nan a bakin laka. Sai an cire gilashi, an goge, an rufe, an mayar cikin akwati. Duk na yi su cikin sauri. Na cire takalmi, na naɗe wando, na gangara na wanke hannu a kanal.

Ina ɗagowa na gan shi yana tahowa da kwano mai murfi, da cokali a kai. Har tabarma ya sa an shimfiɗa a gindin mangwaro.

"Ga naka nan."

"Yaya, ai da ku zan ci."

"A'a, zauna kusa da kayanka, kada wani abu ya same su."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da da gatse ne, da na sami abin mayarwa. Karramawa ce tsakani da Allah.

Kamfanin sun yaba da hoton, har suka ƙara mini wani aikin. Ni kuwa abin da na fi tunawa shi ne zamana a tabarmar nan, ina jiyo dariyarsu a bakin baho, ruwan kanal na bushewa a hannuna. Na ɗauki cokalin na ci.