Tafintan da Ya San Gidanmu

Lokacin da abin nan ya faru na daɗe a London, kuma ba na jin akwai wanda zai nuna mini hanya a garin. Da wankin mota na fara, na koma sayen tsofaffin motoci a wurin gwanjo ina turawa gida, har na kama filin kaina a wajen Thamesmead. Abin da kasuwa ta koya mini shi ne, duk inda ka shiga ka fara neman naka, don idan ka samu ɗan gida a wuri, rabin ciniki ya faɗa. Da wannan wayon na ci abinci shekara da shekaru, kuma da shi na cuci mahaifiyata.

Ziyara Hajiya ta zo mana, sai ɓarin jikinta ya shanye tana cikin wata na biyu a flat ɗinmu na Plumstead. Ta farfaɗo, amma ƙafa ba ta dawo ba, kuma ba ta iya riƙe fitsari. Matata ce ke yi mata wanka da canjin kaya. A gida babu wanda ya rage mata sai ƙanena, wanda shaye-shaye ya lalata. Ya sayar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, har ya taɓa ture ta ta faɗi a tsakar gida. Na nemi a bar ta ta zauna a wurina, aka ƙi, muka kai ƙara kotun shige da fice. Lauyarmu, wata Baturiya mai haƙuri, ta zauna da Hajiya sau uku, matata na fassarawa, har aka rubuta duk wannan a takarda, Hajiya ta sa hannu. Lauyar ta gaya mana cewa ƙarar a kan abu ɗaya ta tsaya: alƙali ya gamsu babu mai kula da ita a can.

Ranar zama, muna jira a baranda sai ga tafintan da kotu ta ɗauko. Ina ganinsa na gane shi. Dattijo ne ɗan garinmu, mukan haɗu a sallar Idi a Regent's Park, kuma gidan yayarsa katanga ɗaya ce ta raba shi da namu a can garinmu. Ya rusuna ya gai da Hajiya, ya yi mata ta'aziyyar Alhaji mahaifina da ya rasu tun shekara shida, ya ce yayarsa kullum tana cigiyarta. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce a raina Allah ya kawo mana namu. Lauyar ta lura gaisuwar ta yi tsawo, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko mun san shi, ta ce idan mun san shi dole a faɗa, a nemi wani, ko da za a ɗage zaman. Na lissafa watannin da muka yi muna jiran wannan rana, na tuna ga ɗan gida a hannu, sai na ce mata ba mu san shi ba, haka muke gaisawa a al'adarmu. Ta rubuta abin da na ce a littafinta.

Aka bar ni na zauna a baya da sharaɗin kada na yi magana. Ba zan yi wa mutumin sharri ba, bai ƙara ko rage wata kalma ba. Amma da lauyan gwamnati ya tambayi Hajiya wa zai kula da ita idan ta koma, sai ta dubi dattijon nan, ta gyara mayafi, ta ce Alhamdulillahi tana da ɗa a gida, yaro ne mai biyayya. Aka tambaye ta ko tana iya yi wa kanta wanka da shiga banɗaki, ta ce babu abin da ya gagare ta. Lauyarmu ta tuna mata abin da ke cikin takarda, Hajiya ta ce tsufa ne, mai yiwuwa ba a fahimce ta ba. A nan na gane abin da ya kamata ɗan da ta haifa ya sani tun a baranda: uwa ba za ta tona asirin ɗanta da na jikinta a gaban namijin da zai iya kai maganar unguwarsu ba, ko da wuƙa a wuyanta. A mota Hajiya ta ce mini, wai ni so nake gobe a ji a gari cewa ɗanta ya ture ta, ita kuma tana jiƙa shimfiɗa?

Hukunci ya zo, an ce maganarta ta baki ta saɓa wa ta takarda, an kori ƙarar. Na ce zan kai ƙorafi a kan tafintan, don shi ma ya san ƙa'idar aikinsa ta hana shi fassara wa wanda ya sani. Na yi kuskuren faɗa wa wani abokina bayan Juma'a. Kafin mako ya zagayo dattawa uku suka zo falona, suka ce mutumin yana da iyali, da aikin nan yake riƙe da gidansa, kada na kai ɗan'uwa gaban Turawa, a bari su yi sulhu. Ɗaya ma har da zolaya, wai dillalin mota ya koma lauya. Na ji nauyinsu. Muka yi ta zama, ana shan shayi ana ba ni haƙuri, ni kuma ban gaya wa lauyar gaskiya ba. Ta nemi izinin ɗaukaka ƙara a cikin 'yan kwanakin da doka ta bayar, ba tare da hujjar da ta fi kowace ƙarfi ba, domin hujjar tana cikin cikina. Aka hana izinin.

Sai bayan nan na cike takardar ƙorafin na tura. Amsar ta zo cikin ladabi: za su binciki halin tafintan, amma ƙorafi daban, hukunci daban, ƙorafi ba ya taɓa abin da alƙali ya yanke. Da na koma wa lauyar na fayyace mata komai, ba ta yi faɗa ba. Littafinta ta buɗe ta nuna mini inda ta rubuta cewa na ce ba mu san shi ba. Ta ce ko an saurare mu yanzu, tambayar farko ita ce me ya sa muka yi shiru sai da muka sha kaye. Hajiya da ta ji na kai ƙarar mutumin, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba, sannan ta ce na janye, ba ta son a ce sanadinta wani ya rasa abincinsa. Na janye. Ni na yi mata booking ɗin jirgi da hannuna, na raka ta har gida, na ɗauki wata mata ta riƙa kwana da ita. Mace ta uku ke nan yanzu, biyun farko ƙanena ya kore su. Idan na kira, Hajiya cewa take lafiya lau, ni kuma na san abin da ke bayan wannan maganar.

Ga duk wanda ke da zama a irin wannan kotu, ya saurare ni. Kotu ba kasuwa ba ce, kuma sanayya a can ba riba ba ce. Idan ka san tafinta, ko da gaisuwar masallaci ce, ka faɗa kafin a fara. Idan dattijuwa ce za ta yi maganar jikinta, ka nemi a kawo mace tun da wuri. Kada ka ɓoye wa lauyanka komai, kuma kada ka tsaya sulhu alhali kwanakin ɗaukaka ƙara suna tafiya. Ɗage zama na 'yan watanni na guje wa a barandar nan. Yanzu keken guragunta yana naɗe a bayan ƙofar falonmu, matata ta hana a bayar da shi, ni kuma na san ba za a sake buɗe shi a gidan nan ba.