Mabel Mai Binne Miya a Ƙanƙara

Mabel Zaitsoff ba ta taɓa ɗaura katakon zamiya kan dusar ƙanƙara a ƙafarta ba sai da ta haura shekara arba'in. A nan kwarin Slocan wannan abin mamaki ne, domin tun yaro yana tatata ake ɗaura masa katako a tura shi gangare. Amma gidan su Mabel ba gidan wasa ba ne. Kakanninta daga Rasha suka zo, mutanen noma da waƙar ibada, ba sa cin nama, ba sa riƙe bindiga, kuma a wurinsu dusar ƙanƙara aba ce da ake kwashewa daga kan rufi kafin ta karya shi. Ta girma ta auri Walt bakanike, ta haifi 'ya'ya mata biyu, ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta a hanyar bakin tafki.

Da autarta ta tafi Vancouver karatu, sai ta bar katakonta da takalmansa a rumfar bayan gida. Mabel ta shiga shara da niyyar ta ba da su kyauta. Ta ce bari dai ta gwada takalmin, sai ga shi ya zauna mata ɗas. Ni ce maƙwabciyarsu, sunana Doreen, kuma ta tagar kicin na hango ta tana hawa tudun bayan gidansu riƙe da katako a kafaɗa. Ta ɗaura, ta tsaya jim, ta sako kanta. Ba ta san yadda ake tsayawa ba, don haka shingen lambu ne ya tsayar da ita.

Walt ya fito daga gareji da sifana a hannu.

"Ke Mabel, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau. Zo ka zaro ni, zan sake."

"Sake me? Shingen nan jiya-jiya na gyara shi!"

"To ka matsar da shi mana."

Washegari ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in kai ta dutse. Na nuna mata yadda ake manna fata a ƙasan katako don a hau ba tare da an sulalo baya ba. Na ba ta aron shebur da sandar lalube, da 'yar na'urar nan da muke ɗaurawa a ƙirji, wadda idan ƙanƙara ta zaftaro ta rufe mutum, na'urorin abokan tafiyarsa za su yi ta kuka har su kai su inda yake. A ranar ta faɗi har na gaji da ɗaga ta, kuma duk faɗuwa da dariyarta. Da muka fito daga cikin itatuwa ta ga duwatsu jere farare fat har iyakar gani, sai ta tsaya tana kallo.

"Doreen," ta ce, "ashe duk shekarun nan wannan abu yana saman kaina, ni ina ƙasa ina faɗa da 'ya'yan mutane a mota?"

Ba ta taɓa zama gwanar saukowa ba, har yau. Ƙafafu a ware, baki a buɗe, tana ihu. Abin da ya shiga ranta shi ne tono. Duk inda muka tsaya sai ta haƙa rami ta durƙusa tana latsa ƙanƙarar hawa-hawa da yatsa, kamar mai duba ƙullin burodi ko ya tashi, tana neman inda wani hawa ya ƙi kama ɗan'uwansa, don daga irin wurin ne ƙanƙara ke zaftarowa. Da yamma ta bi gida-gida a waya tana gaya wa mutane abin da ta gani, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Wata shekara zaftarewa ta kashe mutum biyu a kwarin da ke maƙwabtaka da mu. A wurin zaman makoki Mabel ta riƙa tambayar kowa yaushe rabonsa da ya gwada nema da na'urarsa, sai ta tarar yawancinmu rataya kawai muke yi. Asabar ta zagayo, ta dafa babbar tukunyar miyar borscht irin ta gidansu, ta kabeji da dankali da kirim da man shanu, ta zuba a kwalabe, ta naɗe kowace da tawul tare da na'ura guda, ta binne su cikin ƙanƙara a filin bayan zauren taro. Ta ce wanda ya tono da wuri ya sha da zafi, wanda ya yi nawa ya sha da sanyi. Tun daga nan abin ya zama al'adar garinmu a farkon kowane hunturu.

A irin wannan Asabar Réjean Gauthier ya faɗo mana. Daga Quebec ya zo dashen itatuwa da bazara, ƙanƙara ta sauka ya ƙi komawa, yana kwana a tsohuwar motarsa. A kan katako babu kamarsa a kwarin nan, a surutu ma haka. Ya taɓa ganin saukowar Mabel, ya ce kamar an turo firji daga bene.

"Goggo, ni fa ba na buƙatar wannan wasan yara," in ji shi. "Ƙanƙara ba ta kama ni, na fi ta gudu."

"Ai ba don kai ake yi ba, ɗan nan. Don wanda tsautsayi ya haɗa tafiya da kai ne. Ungo shebur."

Ya yi ta kewaya filin yana bin kukan na'ura ta baya, har ya je ya haƙa rami a gindin motar Walt. Kowa ya sha miyarsa ya goge baki, shi yana tono. Da ya samo tasa, ta daskare har cokali yana tsayawa a ciki. Ya cinye a haka, muna ta yi masa tafi. Mako na gaba ya dawo, na gaba ma haka. Shi ya ce yunwa ce ke kawo shi, mu kuwa mun san haushi ne. Kafin hunturun ya ƙare babu mai riga shi.

Bayan wasu shekaru, wajen ƙarshen Fabrairu, muka fita mu uku, ni da Mabel da Réjean. Niyyarmu wani faffaɗan kwari a can sama da muke kira Tukunya. An kwana biyu ana zuba ƙanƙara, sannan gari ya washe. A gindin Tukunya Mabel ta haƙa raminta, ta bubbuga, sai wani hawa ya zame kamar an ja tire.

"Yau ba mu shiga," ta ce.

"Haba Goggo! Dubi fa, ko sawun zomo babu."

"Zomon ya fi ka hankali ne."

Ya yi gunaguni da Faransanci, amma ya juya. Muka koma cikin itatuwa inda gangaren bai yi tsanani ba, muka yini muna hawa muna saukowa, ƙanƙara har gwiwa, mai laushi kamar gari. Rana ce mai daɗi ƙwarai.

A hanyar komawa akwai wani ɗan kwazazzabo sama da tsohuwar hanyar masu katako, ana hango motarmu daga wurin. Mun sha tsallake shi. Rana ta yini tana dukan gangaren da ke kansa, mu kuwa hankalinmu ya riga ya tafi gida. Réjean ya wuce, na wuce, muka tsaya muna jiran Mabel. Tana tsakiya na ji wani sauti, wuf, sai gangaren ya tsage ya taho. Ba babba ba ne, amma kwazazzabon ya tara shi wuri guda. Na ga jar hularta, na ga hannu, daga nan ban ga komai ba.

Ban taɓa jin Réjean ya yi magana kaɗan irin ta ranar ba.

"Doreen, juya na'urarki zuwa nema. Ki sa ido sama, kar wata zaftarewar ta biyo."

Ya sauka kan tarin yana tafiya a sunkuye, na'urar tana ƙara kuka. Ya tsaya, ya soka sanda, ya sake sokawa ya ji ta taɓa jikin mutum, ya bar ta a tsaye. Muka hau tono daga ƙasa-ƙasa. Ƙanƙarar da ɗazu take kamar gari ta zama kamar siminti. Takalmi muka fara gani, yana kallon sama, domin a kife take. Réjean ya jefar da shebur ya bi jikinta da hannu har ya kai fuskar, ya zura yatsa ya ƙwaƙulo ƙanƙara daga bakinta. Leɓunanta sun yi shuɗi. Ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta buɗe ido tana kallonsa.

"Ɗan nan," ta ce da ƙyar, "ka sha da zafi."

Sai ya zauna daɓas ya fashe da kuka, yana dariya yana zaginta da yarensu.

Gwiwarta ta gurɗe, ba ta iya takawa. Muka naɗe ta da duk rigunanmu, na kira 'yan agaji, waɗanda ba wasu ba ne illa maƙwabtanmu. Suka iso a kan baburan ƙanƙara, da Walt a gaba, sanye da kayan gareji, ko safar hannu bai tsaya ɗauka ba. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata, yana ta sa mata maɓalli har wuya.

"Mai gida, bar shi haka, zai shaƙe ni," in ji ta.

"Yi mini shiru," ya ce, ya ci gaba da sawa.

Da aka sallamo ta daga asibiti ta sa aka tara mutane a zauren taro. Ta tsaya a kan sanduna ta ba da labarin tiryan-tiryan. Ta ce babban dutse ta ji wa tsoro ta kauce masa, ƙaramin da ta raina shi ya kama ta, don ta hango mota ta daina duba sama. Wani ya tambaye ta ko ta bar hawa ke nan. Ta ce likita ya ce sai baɗi, Walt ya ce sai bayan ransa, ita kuma maganar likita ta ɗauka.

Da baɗin ta zo muka koma mu uku. Da muka iso kwazazzabon ta tsaya cak. Ba wanda ya matsa mata. Muka zauna muka sha shayi, muka duba gangaren tare, ya daskare tauri, rana ba ta kai gare shi ba tukuna. Can ta miƙe ta gyara jakarta ta tsallake, ba ta ko waiwaya ba sai da ta kai wancan gefen.

A watan Afrilu, da ƙanƙara ta zauna ta kama jikinta, muka yi sammako muka shiga Tukunya, muka haura har ƙololuwa. Daga can ana ganin tafki a kwance, da garinmu ɗan mitsitsi a bakinsa. Mabel ta ciro waya ta kira gida.

"Walt, fito waje ka ɗaga mini hannu."

Muna jin muryarsa yana cewa shi fa ba ya ganin kowa, dutse kawai yake gani.

"Ni ma ba na ganinka. Ɗauko jan bargon nan na kan kujera ka kaɗa."

Aka ɗan jima. Sai ga wani ɗigon ja can ƙasa kusa da gareji, yana motsi dama da hagu. Mabel ta ɗaga sandunanta biyu sama tana ihu, ta ce masa kada ya kuskura ya daina sai ta ce. Sannan ta sa wayar a aljihu, ta ɓare fatar katakonta, ta ce mu matsa mata ita za ta fara sauka.