Abin da aka faɗa a bayan zane

Shekarar da 'yata ta cika takwas, matar da ke koya wa yaran cocinmu katikizim ta koma Jos, aka ɗora mini aikin. Yara shida ne, 'ya'yan mutanenmu na Kaduna da Filato, ana shirya su su furta zunubansu a gaban fada karo na farko. Duk Asabar sai su cika mini falo a Wangsa Maju, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci.

Tsoron fada suke yi kamar mai allura, shi ya sa na ce mu gwada a gida. Na ɗaura tsohon zanena tsakanin ƙofa da taga, na zauna a bayansa, wai ni ce fada. Na ja musu kunne: abin da aka faɗa a bayan zanen nan ya mutu a nan, ba mai kai shi gida, ba mai sake tayar maka da shi. Na ce zunubin wasa kawai za su ƙirƙiro. Wani ɗan banzan yaro ya ce ya saci jirgin sama, na sha dariya.

'Yata ce ta ƙarshe. Ta durƙusa, ina ganin gwiwoyinta ta ƙarƙashin zanen. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Fada, na yi ƙarya a makaranta. Na ce matar da take zuwa ɗaukata ba mamana ba ce, kakak ɗinmu ce."

Kakak suke kiran 'yar aiki a garin nan.

Na tuna yadda take miƙo mini jakarta a bakin makaranta ta yi gaba abinta. Ni da nake tsayuwa wuni guda ina yi wa mata kitso don ta yi karatu a can, ashe jakar uwar ɗakina nake ɗauka.

Raina ya ɓaci. Da a gida Kafancan ne, da ranar ta gane kurenta. Amma yara biyar na zaune suna jiran su ga ko gaskiya na gaya musu. Na haɗiye na ce, "Tashi, an gafarta miki. Kada ki ƙara."

Ta fito da tsalle ta ce, da salon maganar yaran garin nan, "Mummy, sauƙi ne lah!" Ta wuce kicin neman abin sha.

Ran Litinin na je ɗaukarta, ta riƙe hannuna a gaban ƙawayenta, ita a ganinta magana ta ƙare. Ubanta bai taɓa ji ba. Yanzu shekarunta sha biyar, wataƙila ma ta manta. Ni kuwa har yau ina son in tambaye ta abin da ta gani a jikina ta ji kunya, kuma da bakina na hana kaina tambayar.