Sarauniyar da Na Ƙi Ɗauka

Tun kafin in yi gemu nake buga dara a gindin wani dogonyaro a unguwarmu ta Jega Magaji. Ba zan ce babu wanda ya fi ni ba, amma duk wanda ya zauna gabana sai ya gyara zama. Ramuka ne a yashi, ni da tsinkayena, shi da duwatsunsa, wanda ya jera uku ya cire ɗaya daga cikin na abokin karawarsa. Muna da ƙa'ida guda da ba a takawa. In gwani zai buga da wanda bai kai shi ba, tun kafin a fara zai zare tsinke biyu ya ajiye gefe a gaban kowa, ya ce ya ba shi. Daga nan kuma sai ya buge shi iya ƙarfinsa. A fili ake rangwame, kuma wanda aka yi wa yana da ikon cewa ba ya so.

Sai hawan jini ya kayar da ni a gonar albasa. Ɓarin jikina na hagu ya shanye, bakina ya ɗan karkace. Da na samu sauƙi na dogara sanda na koma gindin dogonyaro, sai ga ni ina ta cin wasa. Da fari na ji daɗi. Daga baya na lura mutanen da na san ko a mafarki ba sa barin kafa, su ne ke buɗe mini hanya, in na ci su dafe kai su ce kash. Ko iya yin kash ɗin ba su yi ba. Babu wanda ya zare tsinke a gabana, a ɓoye suke yi mini sadaka. Ciwo ya taɓa hannu da ƙafa, su kuma sun yanke hukuncin ya taɓa kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ban sani ba ko gaskiyarsu ce, kuma duk sun haɗu sun hana ni hanyar da zan gane. Sai na daina zuwa.

Ɗiyata da ke karatu a Aliero ta zo hutu ta tarar da ni a zaure ina faɗa da ƙudaje. Ta karɓi wayata ta saka mini darar Turawa, wadda suke kira ces, inda mutum ke bugawa da na'ura.

“Baba, wagga ba ta san ka yi ciwo ba,” in ji ta. “Na aje ma ita ga matakin masu koyo, ƙarhinku guda.”

Wannan magana ta shige ni. Na zauna na koyi tafiyar kowa: sarki mai taku ɗaya-ɗaya, sarauniya mai zuwa inda ta ga dama, doki mai tsallake kan mutane, da ƙananan sojoji. Na ce to, ga wanda zai gaya mini gaskiya ba kunya.

Ina! Na'urar nan sai ta fara wasa kamar aljana, ta toshe ko'ina, ta matse ni har in rasa inda zan motsa. Ana cikin haka, ba gaira ba dalili, sai ta ɗauko sarauniyarta, wadda ta fi komai daraja a wasan, ta dire ta gaban ƙaramin sojana. Na ci sau ɗaya, na ci sau biyu, a na gaba na tsaya ina duban wasan. Na san wannan kyautar, na sha karɓarta a gindin dogonyaro.

Ai na san yadda mai koyo na gaskiya yake kuskure, don ina bugawa da ɗiyata, ita ma ba ta yi nisa ba. Kwaɗayi ke kayar da ita. Ta hango soja a banza ta kai hannu, ta manta doki na laɓe. Ko ta tsorata ta ja da baya inda ya kamata ta danna. In ta yi kuskure ina iya bin sawunsa har in ga inda tunaninta ya kauce. Kuskuren na'urar kuwa ba shi da sawu, daga sama yake faɗowa.

Na tambayi ɗiyata dalili. Ta ce na'urar ta san takun da ya fi kowane kyau, amma don ta sauko daidai da masu koyo, an tsara ta ta riƙa jefa mummunan taku lokaci-lokaci.

Na ce, “Wato ta gani?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ta gani, Baba.”

Da ta sake dire mini sarauniya sai na ƙi ɗauka. Na bar ta nan tsaye gaban sojana, na motsa wani abu dabam. Marar kunyar ta juyo da sarauniyar nan ta gama da ni. Na ɗaga matakin sama don haushi, ta niƙe ni kafin shayina ya huce. Wannan ma bai gaya mini komai ba, wanda mota ta buge ba ya sanin ko ya iya kokawa. Na kife wayar.

Ranar wata kasuwa na sa aka ɗora ni a mota zuwa Maiyama, wurin taubashina, ɗan gwaggona. Tun muna yara ba mu taɓa raga wa juna ba, a baki ko a dara. Yana ganina ya ce, “A'a, bawana, ashe ba ka mutu ba?” Rabona da jin magana mai daɗi irin wannan tun kafin in kwanta.

Muka tona ramuka a ƙofar gidansa. Wasa ya yi zafi, na fara jin kaina yana aiki. Sai tsinke ya suɓuce daga hannuna, na yi ta lalube kafin in ɗauka. Na ga ya kalli hannun, ya kau da kai. Taku na gaba sai ya janye dutsensa daga inda yake tare ni, ya bar mini uku a buɗe.

Na ajiye tsinkayena. Na ce, “Mai da dutsenka inda kaɗ ɗauko shi. In rangwame za ka yi min, zare biyu gaban mutane in ce ban so. Na'ura ma ta gwada wanga, na ƙi. Ban taho tun daga Jega don kai ma ka yi min sadaka ba.”

Sai ya mayar da dutsen, ya naɗe hannun riga.

Ya cinye ni, amma sai da ya yi gumi. Sau biyu na jera uku da ƙarfina, na ga ya ciji leɓe, kuma wannan cizon ba na wasa ba ne, na san shi shekara da shekaru. Da ya ɗauke tsinkena na ƙarshe bai ce sannu ba. Ya share ramukan da tafin hannu ya fara tona sababbi, yana cewa, “Zamna nan, ɗan banza, saura kaɗan ka kunyata ni ƙohwar gidana.”

Na duƙa ina tattara tsinkayena, ina jan lokaci, don kada ya ga hawayen da ke idona ya koma tausaya mini.