Wasiƙar da ban aika Ailan ba

Ranar Alhamis ce, mako biyu kafin Ista, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, muna zaune mu biyu a barandar gidan ɗana da ke unguwar Dokki a Alƙahira, ni da wata dattijuwa 'yar ƙasar Ailan, sa'ad da aka damƙa mini amanar da na ci. A lokacin shekaruna saba'in da ɗaya. Na yi ritaya daga shugabancin makarantar 'yan mata, na biyo ɗana da ke aiki a ofishin jakadancinmu na Alƙahira. Sistocin Ailan ne suka rene ni a makarantar mishan tun ina 'yar shekara tara. Su suka koya mini miƙe rubutu, da goge riga har ta yi kaifi, da cewa abin kunya rufe shi ake yi, ba a shanya shi a igiya. Ban taɓa yarda wani ya aibata su a gabana ba.

Ita wannan mata a coci muka saba. Tsohuwar nas ce, tana duba 'yan gudun hijirar Sudan a unguwar Faisal. Takan tsokane ni da cewa na fi Sistocin zama Sista, ni kuwa in ce mata rigarta ba ta taɓa gaisawa da dutsen guga ba. A yammacin nan babu raha. Ta faɗa mini cewa tana 'yar shekara goma sha bakwai ta yi ciki ba aure, iyayenta suka kai ta wani gida da Sistoci ke riƙe da shi, inda ta yi ta wanki har ranar naƙuda. Ta haifi namiji, ta shayar da shi mako shida, aka ɗauke shi aka ba wasu. Ta ce yanzu a ƙasarsu an tone zancen gidajen nan, ana ta muhawara, hukuma ta nemi gafara, an kuma buɗe rajistar da uwa da ɗa za su sa suna idan suna son a sada su. Ta cike takardar, ta haɗa da wasiƙa. Da yake ba ta amince da gidan waya ba, ta kuma san ɗana zai je Turai mako mai zuwa, sai ta roƙi in ba shi ya jefa mata a can.

Na yi mata faɗa irin wanda na saba yi wa ɗalibai. Na ce yaron ya haura hamsin, yana da waɗanda yake kira iyaye. Na ce masu tone zancen so suke su tozarta Ikkilisiya, Sistocin kuma suna kabari, ba su da bakin kare kansu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ma'alish, wato yi haƙuri, Malama, wataƙila waɗanda suka koya miki karatu ba su ne suka riƙe mini hannuwa ranar da aka ɗauke jaririna ba. Ba ƙarar kowa za ta kai ba, in ji ta. So take kawai ɗanta ya sani ba jefar da shi ta yi ba.

Na karɓi ambulan. Da ta tafi, na buɗe adakata, na sa ta a ƙasan takardun shaidar karatuna, na kulle. Ran Lahadi na ce mata saƙo ya tafi.

Wata goma sha huɗu tana jira. Kullum sai ta tambayi mai gadin gidansu ko an kawo mata wasiƙa, har ya riƙa girgiza kai tun daga nesa. Wata rana a barandar nan ta ce khalas, wato shi ke nan, shirun ma amsa ce, yaron ba ya son ganinta, kuma ba ta ga laifinsa ba. Adakar tana ɗaki, taku goma daga inda muke zaune. Na ƙara mata shayi, na ce ta yi haƙuri da nufin Allah.

Ciwo ya kwantar da ita, 'yar ƙanwarta ta zo ta mayar da ita gida, can ta rasu. Bayan watanni yarinyar ta kira ni. Ta ce ta ga kwafin takardar a cikin kayan marigayiyar, ta bi sawu, aka ce mata babu abin da ya iso, ɗan marigayiyar kuwa ya sa sunansa tun farkon buɗe rajistar. Ta tambaye ni ko na san inda wasiƙar ta maƙale. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba. Adireshin ɗan kawai ta ba ni, ta ajiye waya.

Na daɗe ina cewa Sistoci nake karewa. Ƙarya ce. A shekarun shugabancina na kori 'yan mata masu ciki a gaban taron safe, da hujjar da aka koya mini, ban taɓa tambayar inda suka ƙare ba. In har Sistocin sun yi kuskure, ni ma na yi, wannan ne abin da na kulle a adaka. Ina gargaɗin duk wanda aka rena da tsanani irina: godiya ga malamanka ba ta ba ka ikon toshe bakin wanda aka zalunta ba. Idan wata al'umma ta tashi tone raunukanta, kada ka zama mai mayar da ƙasa. Kuma saƙon da ba za ka isar ba, ka mayar wa mai shi tun yana zaune a gabanka.

Na aika ambulan yadda take, ban buɗe ba. Wasiƙar uwarsa ta same shi wata biyar bayan an binne ta.