Muryar Baffa a Kwamfutar Zaure

Ranar Lahadi, tara ga watan Oktoba na 2011, Juwairiyya ta fara ganin Malam Jafaru. Malamin dabbobi ne ɗan Birnin Kudu, ya je Fagam a ƙasar Gwaram yi wa shanu allurar rigakafi. Da ya iso garken mahaifinta, wanda kowa ke kira Baffa, sai tsohon ya kama ba shi tarihin yadda kakanninsu suka zauna a wurin, da Fillanci tsantsa. Jafaru ya ciro wata 'yar rikoda daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Juwairiyya ta kawo musu fura, ta tsaya tana mamakin baƙon da ya bar allura ya zauna sauraron tsoho.

Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure, ta tare a Birnin Kudu. Ta ƙarasa karatunta, ta zama malamar firamare, ta haifi 'ya'ya mata biyu. Ita kanta Fillancinta bai wuce gaisuwa ba, yaran kuwa ko gaisuwar ba su iya ba. Don haka duk zuwan da suka yi Fagam, Jafaru kan ɗauki muryar Baffa, ya bi kowace magana da fassarar Hausa da bakinsa. Ya tara su duka a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur da ke zaure, mai aiki da Linux. Ita kuma tana da laftof mai Windows a ɗakinta, da shi take buga jarrabawar ɗalibai. Batirinsa ya daɗe da mutuwa, sai a jone yake aiki.

Baffa ya rasu a 2019. Jafaru ya bi shi a daminar 2023, bayan gajeriyar jinya.

Tana cikin takaba Goggo Hajjo, ƙanwar mahaifin Jafaru da ta zo taya ta zama, ta shigo daga sharar zaure ta ce, "Ke Juwairiyya, akwatin mijinki fa yana ƙas-ƙas kamar an jefa tsakuwa a gwangwani."

 Jafaru ba ya kashe kwamfutar, ita ma ba ta bari an kashe ba. Kuma ta san babu wani wuri a duniya da muryoyin nan biyu suke sai cikinta. Ta kira Malam Hambali, abokin marigayin da ke gyaran kwamfuta a Gwaram. Washegari da hantsi ya iso a kan babur.

Hambali ya zauna a zaure, Juwairiyya ta zauna a ɗakinta gaban laftof, taga a buɗe, katanga a tsakaninsu. Goggo Hajjo ta kafa kujerarta a bakin ƙofar da ta raba zaure da cikin gida.

"Malama, gaskiya faifan ajiyar ya kusa mutuwa," in ji Hambali. "Idan aka kashe ta, ko aka motsa ta, ban ce za ta sake tashi ba."

"To a kwashe a filash mana."

"Na gwada. Ramukan sa filash duk sun ƙone, kin san tsawar bara. Hanya ɗaya ce ta rage, mu tura ta wayfai ɗin gida zuwa naki laftof ɗin."

Ya ce marigayi ya riga ya buɗe foldar don rabawa, abu ne mai sauƙi. Ta buɗe inda ya ce, wurin da ake ganin sauran na'urorin gida. Ba ta ga komai ba sai nata laftof ɗin da wayarta. Ya sa ta shiga saiti ta gaya wa Windows cewa hanyar ta gida ce, ba ta kasuwa ba. Ta yi. Babu komai. Ya ce wataƙila sunan rukunin kwamfutocin ne bai zo ɗaya ba, ya gyara nasa ya dace da nata. Shiru. Ya sauke katangar tsaron Linux, ita ma ta sauke tata.

"Kin gan ta?"

"Ban gan ta ba, Malam."

"Ɗan nan," in ji Goggo Hajjo, "daga Gwaram ka taho ko daga barci? Abu ga shi ga shi, katanga ɗaya, ka kasa miƙa shi? Ba ni in kai mata a faranti."

"Goggo, da yana ɗaukuwa a faranti ai da na ba ki."

Juwairiyya ba ta yi dariya ba. Daga inda take tana jin ƙarar, ƙas, ƙas, ta tsaya, ta dawo. Ta leƙa taga ta ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Gidan da sola yake aiki, batirin kuma ya tsufa. In rana ta ɓuya ba ya jimawa. Ta tashi ta kashe fanka, ta zare firij, ta dawo ta zauna cikin zufa.

Hambali ya karanto mata lambobin adireshin kwamfutar zaure, ya ce ta rubuta su kai tsaye. Laftof ya yi ta juyi, can ya ce bai sami hanya ba. Sai ya ce ta karanto masa nata adireshin. Ta karanto. 

"Malama, lamba ta uku ba iri ɗaya ba ce. Kamar ba gida ɗaya kuke ba. Rauta, na'urar wayfai ɗin, biyu ce a gidan?"

"Ɗaya ce. Ga ta nan a kan sif."

"Yo in dai Jafaru ne," in ji Goggo, "me bai raba ba? Butar zaure daban, kofin zaure daban. Jiya na ɗauko tabarmar zaure zan shimfiɗa a tsakar gida, sai da na ji kamar zai yi mini gyaran murya."

Nan Juwairiyya ta tuna. Lokacin da aka sa rautar, abokan Jafaru sukan cika zaure da yamma, kowa yana neman kalmar sirri. Jafaru ya ce baƙo iyakarsa zaure, bai ga dalilin da wayar baƙo za ta riƙa leƙa hotunan iyalinsa ba. Ya buɗe musu hanyar baƙi daban, wadda ke fita waje amma ba ta ganin komai na ciki. Da yake a zaure yake aiki, kwamfutarsa ma a kan hanyar baƙin ya bar ta.

Ta faɗa wa Hambali. Ya duba ya ce haka ne. "Sai dai mu mayar da ita hanyar cikin gida. Faɗo mini kalmar sirrin."

 Kalmar wani suna ne da Jafaru ke kiranta da shi in suna su biyu. Ko 'ya'yanta ba su taɓa ji ba, balle ta ɗaga murya da shi ta kan katanga, gaban goggonsa da abokinsa. Iska ta fara kaɗa labule. Inbatar sola ta yi ƙarar gargaɗi sau ɗaya.

"Malama?"

"Malam Hambali, don Allah ka ɗan fita ƙofar gida. Ni zan rubuta."

Ya fita ba tare da tambaya ba. Ta ja mayafi ta shiga zauren, karo na farko tun ranar da aka fitar da gawar. Hularsa tana nan rataye a ƙusa. Ta zauna a kujerarsa a hankali don kada ta girgiza teburin, ta zaɓi hanyar ciki, ta rubuta sunan. Ta koma ɗaki da sauri. Ga kwamfutar zaure ta bayyana a allonta.

Hambali ya dawo ya ba ta sunan shiga, ya ce ta fara da abin da ta fi so. Ta fara da foldar Fagam. Fayiloli suka riƙa tafiya a hankali, ruwa ya sauko. Foldar Fagam ta gama shiga. Tana cikin kwasar ta biyu, ta hotunan sunan yaran, ƙarar ta ɗauke. Kwamfutar ba ta sake tashi ba, hotunan kuma ba a same su ba.

Juwairiyya ta buɗe fayil na farko. Muryar Baffa ta fito da Fillanci, sai ta Jafaru tana biye da Hausa, can a baya kuma ƙarar ludayi a ƙwarya.

Da ta fita takaba ta koma aiki. A 2024 ta nemi canjin wuri zuwa wata firamare a ƙasar Gwaram, kusa da danginta, aka ba ta. Muryoyin suna cikin laftof ɗinta, da filash biyu, ɗaya a wurinta ɗaya a wurin yayanta a Fagam. Babbar 'yarta tana koyon Fillanci da su. Ita kuwa kwamfutar zauren tana nan a Birnin Kudu, an lulluɓe ta da zane.