Ranar da Mahmudu Ya Raka Sadiƙa Makaranta

Tun da Mahmudu ya faɗo daga kan ɗorawa ya ji ciwo a ƙugu, shi ke zama da yara a gidansu na Zoza, matarsa kuwa tana koyarwa a Rogo. Burinsa ɗaya ne, ya raka 'yarsa Sadiƙa makaranta da ƙafarsa ranar da za ta fara.

Da ranar ta zo, ya kama hanya tare da ita. Idan ƙafar ta ƙi a gaban mutane fa? Sau uku yana tsayawa a hanya, gumi na karyo masa.

"Baba, mu koma?" in ji Sadiƙa.

"A'a, riƙe min hannu."

Sun isa an riga an shiga aji. Sadiƙa ta shige ciki, shi kuwa ya zauna a gindin katanga yana haki, yana tunanin yadda zai koma shi kaɗai.